Nettie Zazulak da Jiran Farar Raɓa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar burjin da ta tashi daga garinmu ta yi arewa ya san gidan Nettie Zazulak, ko da bai san mai shi ba. Ɗan farin gida ne mai koren rufi, a bayansa kuma akwai wani dogon layin kurmi da ya bi shingen gona har ya gangara fadama. A nan wardin daji ya samu wurin zama. In zafi ya shigo furensa ya rufe wurin, da kaka kuma ya bar jajayen 'ya'yansa, waɗanda tsofaffinmu ke kira shipshina da harshen da suka zo da shi daga Yukren. Mu da muka tashi a wannan yanki na Alberta, babu wanda kakarsa ba ta taɓa ɗura masa ruwan shipshina ba in mura ta kama shi. Amma in ana maganar wadda ta iya shi, sunan Nettie ake kira a yi shiru.

An haife ta a wata gona gabas da nan, a tsakiyar 'ya'ya rututu. Sunanta na baftisma Nastasiya. Malamar makaranta ce ta ji sunan ya yi mata nauyi a baki ta mayar da shi Nettie, shi ke nan ya bi ta har tsufa. Mutum ɗaya ne ya ƙi karɓar sabon sunan, wani dogon saurayi mai manyan kunnuwa da ake kira Metro. A wurin rawar biki ya gan ta, ya yi ta taka mata ƙafa har aka tashi, sannan ya ce tunda ya ɓata mata takalmi ba shi da abin biya sai dai ya aure ta. Shi Nastiya yake ce mata. In ransa ya ɓaci kuma ya ce "ke tsohuwa", tun ba ta rufa ashirin ba.

Ta tare a gidan surukarta, Baba Wasilina, gajeruwar mace mai kaifin harshe wadda ba a taɓa jin ta yabi mutum ba sai bayan an binne shi. Kakar farko amarya tana neman suna, ta ga shipshina ta yi jawur a bayan gida, ta ɗauki bokiti tun da sassafe ta faɗa cikin ƙaya. Sai da rana ta take ta dawo, hannuwa duk karce, bokiti cike taf, tana jiran a yi mata sannu. Baba ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta latsa da babban yatsa, ta ji ta da tauri. Ta ɗauki bokitin ta nufi garken aladu ta juye musu, a gaban Metro da ƙannensa.

Sannan ta juyo ta ce, "A gidanku haka ake yi? Abin da farar raɓa ba ta taɓa ba na alade ne."

Nettie ta zaga bayan rumbu ta yi kuka har ta gode wa Allah. Kunyar ranar nan ce ta shiga jikinta ta zauna, ba ta kuma fita ba. Daga wannan shekara ba ta sake kai hannu ga shipshina ba sai sanyi ya sauko sosai, gari ya waye ciyawa ta yi fari fat tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, wato farar raɓa ke nan. A lokacin 'ya'yan sun yi laushi, tsaminsu ya karye, zaƙi ya fito.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Takan baza su a kan tebur, ta yanke wa kowace ɗan baƙin gemunta, ta tsaga ta biyu, ta sa bakin tsinken gashi ta kwashe irin da ke ciki tare da wani farin gashi-gashi da ke lulluɓe da shi. Wannan gashin shi ne mugun, ƙaiƙayin gero ma albarka. Yaron da ya ci shipshina da cikinta a hanyar makaranta, washegari daga yadda yake mutsu-mutsu a kan benci ake gane shi. Rabi takan shanya a ragar taga bisa murhu don shayi. Sauran ta zuba a farar tukunyarta mai fenti, don ta alminiyam baƙanta ruwan take yi, ta dafa a hankali har su narke. Sai ta juye a tsohon buhun fulawa, ta ɗaure shi a sandar tsintsiya, ta gitta sandar a kan kujeru biyu, ta ajiye kwano a ƙasa ta bar shi ya kwana yana ɗiga. Ba a matsa buhun, komai gajen haƙurin mutum, don in aka matsa gashin ya bi ruwan. Da safe ta zuba zuma ta mayar kan wuta har ya yi kauri ya zama maɗi ja mai duhu, ta ɗura a kwalabe ta jera a ɗakin ƙasa kusa da dankali.

Da wannan maɗi ta raini 'ya'yanta cikin hunturun da ba a ganin ɗanyen ganye sai a mafarki. Da shi ta yi jinyar Baba Wasilina da ciwon ajali ya kwantar da ita. Tsohuwar ta kurɓa ta ce zuma ta yi yawa, amma ta shanye kofin tas, Nettie kuwa ta ɗauki wannan a matsayin yabon da ta yi shekaru tana jira. Metro shi ne babban mashayin maɗin. Kowace safiya kafin ya fita wurin shanu sai an dama masa cokali ɗaya a ruwan zafi, kuma kowace shekara sai ya lashe leɓe ya ce na bara ya fi. Ita kuma ta ce to ya je ya sha na baran.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yara suka girma suka watse, birni ya kwashe su kamar yadda ya kwashe na kowa. Darlene, 'yar autarsu, ita ce mafi kusa, ita ma tana Edmonton. Gwiwoyin Metro suka gaza, aka sayar da shanu, daga baya aka sayar da gonar ga Dale Prokop, ɗan maƙwabcinsu. Gida da farfajiya kawai suka rage musu. Layin kurmin nan ya faɗa cikin abin da aka sayar, kuma babu wanda ya kawo maganarsa a ranar, don wa zai tsaya ciniki a kan ƙaya?

Ya kamata a ce sun tsaya. Noman yanzu ba ya son kurmi. Injunan sun yi girman da ba sa iya juyawa sai a fili fetal, saboda haka duk wanda ya sayi gona abin da yake fara yi shi ne ya kira katafila ta share shinge da itace da duk abin da ya fi shukar kanola tsawo. Layukan da muka sani muna yara, inda ake samun tsuntsaye da barewa da shipshina, sun tafi ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta koma kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Wardin bakin hanya kuma hukumar gunduma tana fesa masa maganin ciyawa duk shekara, ko kare ba za ka ba shi 'ya'yansa ba. Na bayan gidan Nettie ne kaɗai ya rage a duk inda ƙafarta za ta iya kai ta.

Ciwon Metro a hankali ya shigo. Da farko mabuɗi yake mantawa, sai sunan maƙwabta. Wata rana ya je gidan waya ya kasa gane hanyar gida, a kan hanyar da ya yi rayuwarsa duka yana bi. Wata rana kuma ya shigo ya tambayi Nettie ina uwarsa ta shiga, alhali ciyawa ta daɗe da rufe kabarin Baba. Nettie ta riƙe shi a gida iya ƙarfinta, tana ɓoye wa mutane, har ranar da aka tsince shi a fadama cikin sanyi ba riga, wai yana neman saniyar da ta ɓata. Darlene ta zo ta yi tsaye, aka kai shi gidan tsofaffi na cikin gari.

A can ya gama sakin kowa. Bai san Darlene ba, bai san jikokinsa ba, limamin cocinmu kuwa mai tallan taki yake ɗaukarsa, kullum sai ya ce masa bana ba ya bukata. Ita kanta Nettie in ta shigo yakan yunƙura ya cire hula cikin ladabi ya ce, "Barka da zuwa, Misis." Ranar da ya fara faɗin haka, da ta fito sai da ta daɗe zaune a mota kafin ta iya tayar da ita.

Sa'a ce kawai ta nuna mata ƙofa. Wata safiya yana tari, ta zo masa da maɗin a filas. Ya kurɓa sau ɗaya, ya kurɓa na biyu, sai ya ɗago ya dube ta sosai, irin duban da ta sani.

Ya ce, "Nastiya, ina kika shiga tun ɗazu? An tatsi shanun?"

Ta ce an tatsa. Ya ce maɗin bai kai na bara ba. Ta yi dariya hawaye na zuba, shi kuma ya ce ke tsohuwa me aka yi miki kuma. Kafin kofin ya huce ya sake komawa inda yake, amma ta same shi na ɗan wannan lokaci. Washegari ta gwada, haka aka yi. Marisol, 'yar Filifin ɗin da ke kula da ɗakinsu, ta gwada ba shi shayin shipshina na kanti, ya tofar ya ce wa ya jiƙa masa tsumma. Na Nettie kaɗai ke buɗe shi. Tun daga nan rayuwarta ta koma kan kofi ɗaya. Ta tashi, ta dama, ta tuƙa tsohuwar motarta zuwa gari, ta ji sunanta a bakin mijinta, ta dawo gida ta jira gobe.

Sai dai shekarar da ta gabata wardin bai yi 'ya'ya sosai ba, ga shi ana sha kullum har da lokacin zafi. Ta rage cokali, ta ƙara ruwa, ta ɗauraye gindin kwalabe. Duk da haka, kafin a fara girbi kwalbar ƙarshe ta ƙare. Ba ta tsorata sosai ba a lokacin, don bana layin ya yi 'ya'ya kamar ba gobe, rassa har suna sunkuyawa. Farar raɓa kawai ake jira, ita kuma ba ta cika wuce farkon kaka ba.

Ana cikin haka Dale ya zo. Ya tsayar da a-kori-kurarsa, ya cire hula ya tsaya a bakin ƙofa yana murza ta. Ya ce in ya gama girbi zai share layin can na baya, sabon injinsa ba ya iya juyawa a wurin. Ya ce ta tsinke abinta tun yanzu, in tana so ma ya turo matarsa ta taya ta.

Nettie ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai Dale, tun kana yawo da jiƙaƙƙen wando na san ka. Uwarka ba ta gaya maka ba a tsinka kafin raɓa ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ta gaya mini, Misis Zazulak, har da ludayi a ƙeya. Zan jira iya yina. Amma mai katafilar ba yarona ba ne, daga nesa yake zuwa, ranar da ya iso ranar ce."

Ta ce ya je abinsa, raɓa za ta riga katafilarsa. Ta cika masa leda da tumatir ta sallame shi.

Raɓa ba ta zo ba. Kakar nan ta zo da wani ɗumi da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ƙudaje ba su mutu ba, tumatir na ta nuna a lambu har Oktoba ta shigo, manoma na ta murna suna girbi da 'yar shara. Kowace asuba Nettie takan fito da rigar barci ta sunkuya ta shafa ciyawa, ta ji ta a jiƙe kawai. Sai ta tafi gari hannu rabbana, Metro ya cire hula ya ce barka da zuwa Misis, su zauna shiru kamar baƙi a ɗakin jiran likita. Marisol ta ce mata ya fara ture abinci, kuma yanzu ya fi son ya juya fuska bango.

Darlene ta bugo waya da ta ji labari. Ta ce, "Mama, don Allah ki tsinke su yau ki zuba a firiza su kwana. Sanyi ai sanyi ne. Shipshina ba ta san bambancin na sama da na lantarki ba."

"Ita ba ta sani ba, ubanki ya sani."

"Tato, uban nawa da bai san sunana ba, Mama, shi ne zai san wane sanyi ya taɓa shipshina?"

Nettie ta kife wayar. Darlene ta sake kira ta ba da haƙuri, ta yi lallashi, ta ce kowa haka yake yi yanzu, amma maganar firiza ba ta shiga ba.

Mu maƙwabta ma mun yi magana, kowa ya faɗi tasa. An ce mata ko rabi ta tsinka ta ajiye, ta bar rabi wa raɓa, me za ta rasa? Har yau in an tuna sai ran mutum ya ɓaci, don abin da sauƙi yake. Amma a yi mata adalci, ba taurin kai kaɗai ba ne. Tsoro take ji. Gani take in ta kai masa maɗin da ɗanɗanonsa ya kauce ko yaya, ya kurɓa bai gane ta ba, to ƙofar ta rufe ke nan har abada, kuma da hannunta ta rufe ta. Wata rana da la'asar har ta ɗauki bokiti ta je. Ta tsinki ƙwaya ɗaya ta latsa da babban yatsa, ta ji ta da tauri. Ta daɗe tsaye a wurin, mace mai jikoki, uwar mijinta ta zama ƙasa tuntuni, amma hannun ya ƙi. Ta dubi sama ta ga gari garau babu gajimare, ta ce wa ranta yau kam za ta sauko. Ta koma gida da bokitin wayam.

Mai katafila ya iso ranar da ba ta nan. Dale ya buga wayar gidan ya fi a ƙirga, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, amma ranar Metro ya tashi da zazzaɓi, ta wuni a gefen gadonsa. Mai katafilar kuma ya ce shi gobe yana da aiki a wata gunduma, in ba yau ba sai baɗi. Da yamma ta dawo, tun daga kwanar hanya ta ga wani abu ya canza ba ta gane ko mene ne ba. Haske ne ya yi yawa a bayan gidan. Inda layin yake babu komai sai baƙar ƙasa a buɗe, da tsibi-tsibin itace da saiwa da tsohuwar wayar shinge an tara su can gefen fadama. Ta shiga gida ta zauna a kujerar kicin ba ta ko cire mayafi ba.

Da gari ya waye ciyawa ta yi fari fat.

Ta ji kamar da gangan aka yi mata. Duk da haka ta saka takalmin roba ta ɗauki bokiti ta ratsa gonar, tana tuntuɓe da ɓurɓushin ƙasa da ya daskare. Shipshina na nan a jikin rassan da aka tumɓuke, jajaye, raɓa ta lulluɓe su, sun yi laushi daidai yadda ake so. Ta fara tsinka da sauri, ƙaya na yagar hannunta ba ta ji, har gindin bokitin ya rufe. Sai da rana ta ɗan taso sanyi ya saki sannan warin ya tashi. Tun jiya aka yayyafa wa tsibin man dizal don a cinna wuta. Ta kai ƙwaya ɗaya hanci, ta gwada wata, ta zaga wani tsibin ta gwada, duk ɗaya. Ta kai su gida ta wanke da ruwan zafi, ta wanke da gishiri, ta wanke da ruwan tsami, mai na ta tasowa a saman ruwan. A ƙarshe ta kwashe su ta zubar a bola.

Dale ya zo da rana ido ya yi ja, ya ce wallahi ya neme ta. Ya ce zai sa a duba gangaren kogi, can akwai wardi. Ba ta zage shi ba, da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi ai ya gaya mata tun da wuri, shi ba shi da laifi. Gangaren kogin ma bai yiwu ba, don hunturun da ya makara sai ya zo gaba ɗaya. Kafin Dale ya samu sukuni dusar ƙanƙara ta sauko kwana da kwanaki ta binne ƙananan wardin, abin da ya leƙo sama kuma tsuntsaye da barewa suka gama da shi. An tambayi matan coci ko akwai mai sauran kwalba, aka tarar duk waɗanda suka iya sun mutu ko sun daina.

Nettie ta rame. Ta daina zuwa coci, ta daina ɗaga waya sai ta Darlene. Abu ɗaya take juyawa a ranta dare da rana: ta tsaya a gaban rassan nan da bokiti a hannu, ta juya ta tafi. Ba ta ga laifin Dale ba, ba ta ga na Baba ba, ba ta ga na sama ba. Kanta kawai ta tsana, kuma babu wanda ya iya raba ta da wannan.

Darlene ce ta zo ana dab da Kirsimeti da wata leda daga wani kanti a birni. Busasshiyar shipshina ce ta wata ƙasa mai nisa, an riga an tsaga an cire iri. Ta ajiye a kan tebur ba ta ƙara da shawara ba, don ta riga ta koyi darasi a kan maganar firiza. Nettie ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta tauna, ta ce ba a san ko raɓa ta taɓa su ba. Darlene ta ce ba a sani ba. Can Nettie ta tashi ta sauko da farar tukunyar.

Ta yi masa duk abin da ta saba. Ta jiƙa su suka kwana, ta dafa a hankali, ta rataye buhun fulawa tsakanin kujeru, ba ta matsa ba. Ta zuba zumar da ta saba saya wurin mutumin da ta saba. Maɗin ya fito ja mai duhu, a ido babu bambanci. Ta ɗanɗana ta kasa tantancewa, wani lokaci ta ji kamar shi ne, wani lokaci ta ji kamar akwai abin da babu. Rabonta da jin Nastiya tun kafin girbi.

A bakin ɗakin Marisol ta tare ta ta riƙe mata hannu. Ta ce likita ya duba shi, ciwon ya yi nisa a 'yan watannin nan, kada ta sa rai da yawa, kuma duk abin da ya faru ba maɗi ba ne. Nettie ta gyaɗa kai kawai, ba ta yarda ba.

Yana zaune a kujera kusa da taga, an lulluɓe masa gwiwa da bargo. Ya zube ƙwarai, kunnuwan nan sun ƙara fitowa. Ya kai hannu kai zai cire hular da babu, ya ce barka da zuwa Misis. Ta zauna a bakin gado ta buɗe filas, garin tsiyayawa ta ɗan zubar a bargon. Ta riƙe masa kofin ya kurɓa. Ya riƙe ruwan a baki, ya haɗiye, ya sake kurɓa. Ya ɗago ya dube ta.

Sai ya ture kofin a hankali, cikin ladabi, don kada ta ji haushi.

Ya ce, "Na gode, Misis, kin yi ƙoƙari. Amma bari in jira. Nastiya za ta kawo mini nawa."

Ya juya ya dubi taga, inda babu komai sai farin fili da motoci a jere, sannan ya sake juyowa da damuwa a fuskarsa.

"In kin gan ta a hanya ki ce ta yi sauri. Ta daɗe ba ta zo ba."

Nettie ta juye sauran a filas ta murɗa murfin. Ta gyara masa bargon inda ya jiƙe.

Ta ce, "To, zan gaya mata."